Kunnena bai daina ƙara ba tun ranar Asabar

Sabon Direba:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar na tuƙa motar tsere a wani fili a nan Ingila, zagaye goma, an cire mata abin rage ƙarar salansa. Hular kwano kawai na sa. Yau kwana uku kunnen hagu yana min tsiwwa kamar gyare, ko barci na kasa. Me direbobi suke sawa ne?

Tsohon Bakanike:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Hular kwano kai take karewa, ba kunne ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 85 ne iyakar ƙarar da ya kamata kunne ya sha na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana raguwa rabi. A desibel 100, minti 15 ke nan. Cikin irin motarka ya wuce haka. Sayi toshen kunne na soso, ka murza shi siriri, ka ja kunnen sama, ka tura ciki sosai.

Mai Rali:
Ni likitan kunne ya ɗauki siffar kunnena aka zuba min nawa, da lasifikar rediyo a ciki. Da tsada, amma ba ya zamewa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, kwana uku ya yi yawa. Don Allah ka je a gwada jinka gobe, kada ka koma filin tukuna.