Me ya sa 720720 take rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16?

Ɗalibin Lise, Maradi:
Assalamu alaikum malamai. An ba mu aiki kan 720720: a warware ta, a ƙirga lambobin da ke raba ta ba saura, a faɗi ajinta. Ta ina ake farawa?

Mushen Lissafi:
Wa alaikumus salam ɗana. Dubi siffarta tukuna: 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai wannan siffa, wato alƙaluma uku da aka maimaita sau biyu, ninkin 1001 ce, kuma 1001 = 7 × 11 × 13. Ita 720 kuwa 16 × 9 × 5 ce. Ke nan 720720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13. Ita ce PPCM na 1 zuwa 16, wato mafi ƙanƙantar lambar da dukkansu ke rabawa. Rabinta, 360360, ta tsaya a 15, domin biyu sau uku kaɗai ta fito a cikinta. Da 17 kuwa, 720720 tana barin saura 5.

Wajen ƙirga masu raba ta ɗalibai ke faɗuwa. Kowace lambar tushe (wadda 1 da ita kanta kaɗai ke rabawa, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13), ka ƙara 1 kan yawan fitowarta kafin ka ninka, saboda akwai zaɓin kada ka ɗauke ta ko sau ɗaya: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Wanda ya manta ƙarin nan 8 zai samu.

Tsohon Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Mushe ya gama da tushe, bari in taɓa aji. Babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai masu rabawa 240. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, 665280, tana da 224. Irin waɗannan lambobi Ramanujan ɗan Indiya ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Jimillar masu raba 720720: 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3249792 (31 = 1 + 2 + 4 + 8 + 16, 13 = 1 + 3 + 9, 6 = 1 + 5, haka har ƙarshe). Cire ita kanta, saura 2529072, ya haura ninkinta uku, don haka tana cikin lambobi masu yalwa, wato waɗanda wannan saura ya fi su yawa. Ba murabba'i ba ce: tana tsakanin 848² = 719104 da 849² = 720801. Ƙanena, kada ka ce na'urar lissafi ta ba ka 848,9 ka tsaya nan, rubuta dalilin: 5, 7, 11 da 13 sau ɗai-ɗai suka fito, alhali a murabba'i kowace lambar tushe bibbiyu take fitowa.

Mai Lissafin Shago:
A takarda haka ne, amma a kasuwa da dala (sefa 5) muke ƙirga. Sefa 720720 dala 144144 ce, kuma 5 ta fita daga cikinta. Mutum 7 kowa ya ɗauki sefa 102960, mutum 16 kowa 45045, lafiya lau. Mutum 5, 10 ko 15 kuwa rabon zai faɗo sefa 144144, 72072 ko 48048, waɗanda 5 ba ta rabawa, kuma ba wanda zai iya biyan ka wannan canji a hannu.