Ina koyon busar Coltrane, saksofon ɗina na ta ƙara, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. John Coltrane, gwanin busa saksofon a kiɗan jazz, nake bi tun da na ji faifan Blue Train na 1957. Na san saksofon alto yake busawa a rundunar sojin ruwan Amurka, ya koma teno, wadda ta fi ta girma, ya shiga ƙungiyar Miles Davis a 1955, ƙwaya ta sa aka sallame shi a 1957, ya daina, ya yi aiki da mai fiyano Thelonious Monk, ya rasu a 1967 yana da shekara 40. To na sayi bakin ƙarfe Otto Link irin nasa, lamba 7, da rid (siririn karan da ake ɗaurawa a bakin, shi ke kaɗawa ya ba da sauti) lamba 3½. Yanzu sai ƙara take yi kamar kukan tsako, sautin ƙasa ya ƙi fita, leɓena ya kumbura. Kuma in na bi kiɗansa Giant Steps da takardar da aka rubuta shi, ni daban faifan daban. Na yi alkawarin busa shi a taro wata mai zuwa. Yaya zan yi?

Baban Khalil: Wa'alaikumussalam. Ƙanena, ba ka faɗa mana alto ce ko teno ba, kuma a nan rabin matsalar take. Takardar fiyano tana kan ki (matakin sauti) B, G da E♭, amma saksofon ba ta kan mataki ɗaya da fiyano. Mai teno zai ɗaga ta zuwa C#, A da F, mai alto kuma A♭, E da C. In ba ka juya ba, har abada ba za ku haɗu da faifan ba. Sannan ka cire bakin nan yau. Baki mai faɗi da rid mai tauri suna sa mutum cizo, cizon ne ke kawo ƙarar da kumburin. Koma bakin roba Yamaha 4C da rid 2½, ka yi minti 15 kullum kana jan sauti ɗaya, tun daga B♭ na ƙasa.

Ɗan Jos: Ni ban ga laifin bakin ba. Hunturu ake yi, rid kan bushe ya lanƙwashe. Jiƙa shi minti 3, ka kwantar da shi a kan gilashi, in yana rawa ya lalace. Sautin ƙasa kuwa yawanci fatar maɓalli ce ke zubar da iska, musamman ta G#. Saka fitila a cikin saksofon ɗin a ɗaki mai duhu, ka rufe maɓallan, inda haske ya leƙo nan ne. Abin takaici masu gyara sun yi ƙaranci, wasu manne fatar kawai suke yi da gam ba su daidaita ta ba, ga kuɗin kwalin rid ya fi ƙarfin ɗalibi.

Mai tambaya: Teno ce. Amma Malam, bakin ya ci min kuɗi sosai, kuma da roba ba na jin kaifin nan na Coltrane.

Baban Khalil: Kaifin daga iska da maƙogwaro yake fitowa, shekara da shekaru ya yi yana atisaye. Shi kansa ya faɗa cewa ya ba da bakinsa a gyara aka ɓata shi, ya daina samun saurin da yake so, a wannan lokacin ne ya yi faifan Ballads. Kuma Giant Steps kusan bugu 290 yake a minti, kod (sautukan da ake haɗawa lokaci guda) 26 cikin gaɓa 16, kowace gaɓa bugu huɗu. Tommy Flanagan, gwanin fiyano, sai da ya yi ta tsayawa a ɗaukar 1959. Sa metronom, na'urar ƙidayar bugu, a 80. Kowane kod ka busa sauti na 1, 2, 3 da 5 daga tushensa, Coltrane ma abin da ya yi ta maimaitawa ke nan. Fara da gaɓa 8 na ƙarshe, sun fi sauƙi don kowane ki ana shigarsa a hankali. Kada ka ƙara bugu 4 sai ka yi sau uku babu kuskure.

Yaya Ladi: Malam, wata ɗaya ba zai isa ba ko da metronom goma ne. Ya ɗauki Blue Train, salon kiɗan bulus (blues) ne mai gaɓa 12 a E♭, F a teno, zai fita kunya. Abin da ke damuna a zauren nan, kowa sauri yake kira da an ambaci Coltrane, ba mai maganar Naima, kiɗa mai tafiya a hankali wanda ke cikin faifan Giant Steps ɗin, alhali a nan ake gane mai riƙe numfashi.

Ɗan Jos: A dai duba fatun tukuna. In suna zubar da iska, ko wane baki ya sa cizo zai yi.

Baban Khalil: A canza baki tukuna. Gwajin minti biyu ne, in sautin ƙasa ya fito da 4C an wanke fatun.

Mai tambaya: Na gode Yaya, amma an riga an sanar da Giant Steps, ba zan canza ba. 4C ɗin kuma na sayar. In na bar bakin ƙarfen na sauko rid 3, zai yi?