Muhawara: Adidas da Yeezy, wa ya fi gaskiya tsakanin shugabanni da ma'aikata?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana zan ajiye, wanda ya ga ba haka ba ya fito mu yi ta. Ni a wurina shugabannin Adidas ba su yi laifi ba da suka yi ta haƙuri da mawaƙin Amurka Kanye West, mai takalman Yeezy da suke ƙerawa tare, tun daga 2013 har zuwa 2022. Ma'aikatan da suka fito suna kuka bayan an raba gari, ai har da kuɗin takalman Yeezy aka riƙa biyan su albashi duk tsawon shekarun. Kamfani neman riba ya fito, ba gyaran tarbiyyar mawaƙa ba. Wanda aikin ya yi wa zafi, ƙofa a buɗe take.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka san abin da suka ce an yi masu kuwa, ko dai kalmar "kuka" kawai ka ji?

Malam Habu: Na ji an ce mutumin yana da wuyar sha'ani. Wane mai basira ne ba shi da ita, Hajiya?

Hajiya Turai: To bari in faɗa maka, don abin ya wuce wuyar sha'ani. A watan Nuwamban 2022 mujallar Rolling Stone ta kawo labarin wata wasiƙa da tsofaffin ma'aikatan sashen Yeezy suka aika wa shugabannin Adidas ba tare da sun sa sunayensu ba. Sun yi zargin cewa Kanye yakan nuna wa ma'aikata hotuna da bidiyon batsa ana tsakiyar taron aiki, yakan yi wa mata maganganun da ba su dace ba, ga tsoratarwa da wulaƙanci. Babban abin da suka fi jaddadawa ma ba halinsa ba ne, cewa suka yi manyan kamfanin sun sani suka kau da kai. Bayan shekara guda jaridar New York Times ta fito da nata binciken, ta ce tun zuwansa na farko hedikwatar kamfanin a Jamus a 2013, da aka nuna masa zanen takalma bai yi masa ba, sai ya ɗauki alƙalami ya zana alamar 'yan Nazi a kai. A Jamus fa, ƙasar da doka ta hana baje wannan alamar a bainar jama'a. Rahoton ya kuma ce ya taɓa ce wa wani manaja Bayahude ya riƙa sumbatar hoton Hitler kullum. Yanzu ka ce min wannan manajan albashi aka biya shi don ya haɗiye wannan?

Ɗan Auta: Hajiya da girmanki, amma ku ma ku dubi ɗaya ɓangaren. Ni na san yadda Adidas yake kafin Yeezy a idon matasa, takalmin 'yan ƙwallo ne da na iyaye masu motsa jiki. Nike ke da kasuwar gayu saboda takalman Jordan. Shi Kanye ɗin ma da Nike ya fara, Air Yeezy ta fito a 2009, ya bar su ne saboda sun ƙi ba shi kaso daga cinikin. Adidas ya ba shi. Da Yeezy Boost 750 ta fito a Fabrairun 2015, sannan 350 ta biyo baya a shekarar, cikin ɗan lokaci ake wawashe su. Masu zanen takalma nawa ne suka yi suna saboda sun yi aiki a wannan sashen? Su ma ma'aikata ne, ra'ayinsu fa?

Hajiya Turai: Auta, ban ce babu wanda ya ji daɗin aikin ba. Mutum yana iya son aikinsa ya kuma ƙi a wulaƙanta shi a wurin, duka biyun a zuciya ɗaya. Su da suka rubuta wasiƙar ai su ne suka ƙera takalman da kake yabo.

Yaya Musbahu: Ku ba ni dama in shigo da lissafi, don Malam Habu a kan kuɗi ya gina maganarsa. Ranar 25 ga Oktoban 2022 da Adidas ya soke yarjejeniyar, da bakinsa ya ce hakan zai iya rage masa ribar shekarar da kusan Yuro miliyan 250. A Fabrairun 2023 kuma ya ce in bai sayar da takalman da suka rage a sito ba, cinikin shekarar zai ragu da Yuro biliyan 1.2, ribar aiki kuma da miliyan 500. Kamfanin da cinikinsa na 2022 ya kai biliyan 22.5 ne. Wato abin da Yeezy ke kawowa a ciniki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, amma ribarsa ta fi ƙarfin girmansa, saboda takalma ne masu tsada da ba a yi masu ragi, yawanci kuma kai tsaye ake sayar wa mai saye. A 2023 Adidas ya rufe shekara da asara, karo na farko cikin shekara 30 da ɗoriya. Don haka Malam bai yi ƙarya ba, kuɗin na gaske ne.

Malam Habu: Ka ji ko, Hajiya? Kamfani mai ma'aikata kusan 59,000 a lokacin. Za ka jefa abincin waɗannan duka cikin haɗari saboda ƙorafin 'yan sashe ɗaya?

Yaya Musbahu: Tsaya Malam, ban gama ba. Lissafin nan da ka kama, shi ne kuma zai kayar da kai. Me ya sa asarar ta yi wannan girman? Saboda an bari riba mai yawa ta rataya a bakin mutum ɗaya da kowa ya san ba a iya rufe shi. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa tun 2018 manyan kamfanin, har da shugabansa na lokacin Kasper Rørsted, sun zauna sun tattauna haɗarin ci gaba da hulɗa da shi. Shekarar ce Kanye ya je kafar labarai ta TMZ ya yi maganar nan cewa bautar da aka yi wa baƙaƙen fata ta shekara 400 kamar zaɓi ce. Da a lokacin aka fara janye jiki sannu a hankali, da ba a wayi gari da takalman da darajarsu ta haura Yuro biliyan ɗaya jibge a sito ba. Ma'aikatan da ke ƙorafi gargaɗi suke bayarwa kyauta, irin wanda kamfanoni ke biyan masana kuɗi masu yawa su ba su.

Malam Habu: Wannan ai hangen bayan faruwa ne. Daga 2018 zuwa 2022 shekara huɗu ke nan ana kwasar riba. Haɗa ta ka cire asarar 2023, ka gaya min wa ya ci.

Yaya Musbahu: A aljihun masu hannun jari, mai yiwuwa ka yi daidai. Sai dai su ma wasunsu sun maka kamfanin a kotu a Amurka a 2023, suna cewa an ɓoye masu haɗarin.

Barista Ladidi: Ina bin ku tun ɗazu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba rashin hanyar fita ce ta riƙe Adidas ba. Bisa rahoton New York Times ɗin da Hajiya ta ambata, sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla a 2016 tana da sharaɗin da ya ba kamfanin damar rabuwa da shi in ya aikata abin da zai zubar masa da mutunci. Sannan Adidas da kansa ya ce shi ne mai haƙƙin mallakar zane-zanen takalman. Wuƙa da nama suna hannunsa. Amma dubi abin da ya sa aka yi amfani da damar. Farkon Oktoban 2022 Kanye ya sa rigar "White Lives Matter", taken da ake dangantawa da masu fifita farar fata, a bikin nunin tufafi na Paris. Ranar 6 ga wata Adidas ya ce yana sake duba dangantakar. Sai kalaman ƙin jinin Yahudawa suka biyo baya a Instagram da Twitter, har ya fito a wata hira yana alfaharin cewa zai iya faɗin irin waɗannan maganganu kuma Adidas ba zai iya korarsa ba. Kamfanin tufafi na Balenciaga ya riga ya sallame shi, Adidas shiru. Kwana 19 aka ɗauka. Cikin kwanakin ne wata babbar ma'aikaciyar kamfanin, Bayahudiya, ta rubuta a LinkedIn da sunanta tana sukar shirun da aka yi. Abin da aka yi wa ma'aikata a cikin ɗaki shekara da shekaru bai motsa kowa ba, sai da duniya ta gani da idonta. Binciken ƙorafinsu ma sai bayan Rolling Stone ta buga wasiƙar aka sanar da shi, wata guda da rabuwa.

Ɗan Auta: Barista, to in laifin ya kai haka, me ya sa suka dawo suna sayar da takalman a 2023? Mutane kuma suka saya kamar babu gobe.

Barista Ladidi: Me za su yi da su? Ƙonawa ɓarna ce, rabawa kyauta kuma kasuwar bayan fage za su koma. Sabon shugaban, Bjørn Gulden, wanda ya baro Puma ya kama aiki a Janairun 2023, shi ya zaɓi a sayar a ba da wani kaso ga ƙungiyoyi irin su Anti-Defamation League mai yaƙi da ƙin jinin Yahudawa da cibiyar da ɗan'uwan George Floyd ya kafa. Sun yi cinikin kusan Yuro miliyan 750 a shekarar. A nan ban ga laifinsu sosai ba, duk da dai wani zai ce sadaka da abin da ya zame maka kaya ba ta da wahala.

Hajiya Turai: Gulden ɗin nan ai shi ne ya ce a wata hira a Satumban 2023 ba ya jin Kanye da gaske yake nufin abin da ya faɗa, sai da aka yi masa ca ya ba da haƙuri. Ka yi tunanin ma'aikacin da aka wulaƙanta yana sauraron sabon ubangidansa yana faɗin haka.

Malam Habu: Hajiya, ni fa har yanzu ban ji amsar tambayata ba. An ɗaure wani ne? Wanda bai iya ba ya nemi canjin sashe ko ya ajiye aiki.

Hajiya Turai: Malam Habu, kai da kanka ka ce mutum 59,000 ke cin abinci a wurin, ka san barin aiki ba wasa ba ne. Matashiyar da ta yi shekaru tana karatun zane ta samu shiga sashen da ya fi kowane tashe a masana'antar, ita ce za ta tafi, wanda ya nuna mata batsa ya zauna? Kuma in ta kai ƙara, wa za ta kai wa? Manajan da ake auna ƙoƙarinsa da yawan Yeezy da aka sayar? Kar ka manta ba wannan ne karon farko da ma'aikatan Adidas suka ce ba a jin su ba. A Yunin 2020 baƙaƙen fata daga cikinsu sun yi ta zanga-zanga a ofishin Portland da ke Amurka kan wariya, har shugabar sashen kula da ma'aikata, Karen Parkin, ta yi murabus a ƙarshen watan. Kamfanin ya yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 na sababbin guraben aiki a Amurka za su tafi ga baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka. Ana wannan alƙawarin, sashen Yeezy yana nan yadda yake.

Ɗan Auta: Amma dai kar a yi wa duka irin wannan haɗin gwiwa kuɗin goro. Puma ya yi da Rihanna lafiya, Adidas ɗin ma ya yi tufafin Ivy Park da mawaƙiya Beyoncé daga 2019 zuwa 2023, ba a ji wani abin kunya ba.

Yaya Musbahu: Ba a ji ba, amma Ivy Park ciniki ya ƙi, shi ya sa rabuwar ta zo da sauƙi. Wanda ba ya kawo kuɗi ba a shan wahalar sallamarsa. Ga wani abu kuma da ya kamata Malam ya duba: abin da ya ɗaga Adidas bayan Yeezy tsofaffin takalmansa ne, Samba da Gazelle, da suka fi Kanye ɗin shekaru a duniya. A 2024 ciniki ya kai Yuro biliyan 23.7, ya zarce na 2022. Ashe ba a bakin mutum ɗaya abincin mutum 59,000 yake ba.

Malam Habu: Sa'a ce, yayi ya juyo kansu. Kuma cikin biliyan 23.7 ɗin har da ragowar Yeezy da aka ƙarasa sayarwa. Ni dai ina nan kan bakata. Gobe in wani mai tashe irinsa ya fito, Nike da Puma da Adidas ɗin rige-rigen sa masa hannu za su yi, ma'aikata kuma su yi layin neman shiga sashen.

Hajiya Turai: Za su sa hannu, ban musa ba. Ni abin da nake so in gani a takardar shi ne ofishin da ma'aikaci zai kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin mai kula da cinikin, yana kuma da ikon dakatar da taro da tauraron.

Barista Ladidi: Rubuta shi ba wuya, Hajiya, sakin layi ɗaya ne. Sharaɗin 2016 ma a rubuce yake.

Malam Habu: To wa zai biya albashin mutanen ofishin naki, Hajiya? Ba daga cinikin takalman ba?