"Sabo turken wawa" ko "wanda maciji ya sara": wanne ke da gaskiya?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Karin magana biyu ne suka ɗaure min kai. Ana cewa sabo turken wawa, wato yawan ganin abu yana kashe tsoronsa. Ana kuma cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To shin haɗuwa da abu rage tsoro take yi ko ƙarawa?

Baba Manomi: Wa alaikumus salam, yaro. Na farkon ba ya bukatar dogon bayani. Kafa mutum-mutumi a gona, ranar farko tsuntsaye ko kusa ba za su zo ba. Bayan 'yan kwanaki a kansa za su riƙa sauka suna hutawa. Sai ka matsar da shi ko ka sauya masa riga, sannan su ɗan ja da baya.

Malama Mai Nazari: Baba, gaskiyarka, amma duka biyun ana samunsu a jikin dabba ɗaya. Eric Kandel na Jami'ar Kolombiya a Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya yi aiki da Aplysia, wata halittar teku mai kama da dodon koɗi. Ƙwayoyin jijiyarta wajen 20,000 ne, manya-manya, suna da sauƙin bibiya. In aka taɓa bututun da take fitar da ruwa, nan take sai ta janye abin numfashinta ciki. A yi ta taɓawa a hankali, janyewar sai ta yi ta raguwa har ta daina kulawa, saboda jijiyar da ke ɗauko saƙon taɓawar ta rage sinadarin da take miƙa wa ta gaba. Amma a ba ta wutar lantarki a wutsiya, taɓawar nan da ta raina sai ta zabura ta fiye da da. A nan wasu jijiyoyi ne ke zuba sinadarin sirotonin, saƙon ya ƙaru.

Mai Tambaya: Malama, kenan zafin abin ne ke raba gardama?

Malama Mai Nazari: Shi ne babba. Abu mai laushi da bai zo da cuta ba, a saba. Mai zafi, a ƙara tsorata, har da abin da bai yi saran ba, kamar tsumman. Sabawar ma ba ta dawwama: a bar Aplysia ta huta, janyewar ta dawo.

Ɗan Gardama: To ni kalmar "wawa" ce ban yarda da ita ba. Tsuntsun da zai tashi duk sanda ganye ya motsa yaushe zai ci abinci? Wanda ya gane mutum-mutumi ba ya cizo ai ya fi mai gonar wayo.

Baba Manomi: Kai dai ba ka rabo da musu. Ranar da mai gona ya laɓe da danƙo a bayan mutum-mutumin, wa zai fara samu? Wanda ya saba. Wawan da ake nufi kenan.

Ɗan Gardama: Baba, wanda ya tsira daga danƙon fa? Gobe ko inuwarka ya gani ba zai sauka ba. Ka koma kan karin magana na biyu da kanka.

Baba Manomi: Na koma, amma gonata ta huta.