Picture, figure, diagram ko chart: wanne zan rubuta a kundina?

Ɗalibar ajin ƙarshe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin digiri kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano. A babi na huɗu akwai hoton karofi da na ɗauka da waya, zanen yadda ake haɗa baba da toka, taswirar unguwar, da farashin rini wata-wata. Duk na sa musu Picture 1, 2, 3, malamina ya zagaye su da jan biro. Don Allah a fahimtar da ni.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu a Hausa "hoto" ya wadatar, shi kuwa Turanci sai ya duba yadda aka samar da abin. Wanda kyamara ta ɗauka shi ne photograph, kamar na karofin nan. Picture ya haɗa na kyamara da na hannu, amma kalmar hira ce, shi ya sa aka zagaye miki. Image ya fi tafiya da abin da ke kan kwamfuta ko hoton asibiti. Zanenki na baba da toka diagram ne, domin ba kamannin ramin yake nunawa ba, yadda aikin ke gudana yake nunawa: a zuba wannan, a jira, a tsoma yadi, kibiya na kaiwa daga mataki zuwa mataki. Taswira kuwa map ce, kada ki manta ma'auninta da kibiyar arewa.

Mai koyar da ƙididdiga:
Farashin wata-wata line graph yake so, wato zanen layi, watanni a kwance, naira a tsaye, tunda hawa da saukar kuɗi kike son a gani. In kwatanta farashin shadda da na leshi ne, bar chart, wato zane mai sanduna. Pie chart, wato zanen da'ira, sai abu ɗaya aka yanka kashi-kashi, jimlarsa kashi 100 cif. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa watanni 12 cikinsa, sai ya zama ba ya faɗin komai.

Mai shagon buga takardu:
Malama, figure ba nau'in zane ba ne, laƙabi ne. Diagram, graph da map duk Figure za ki kira su: 4.1, 4.2, wato babi da lamba. Hoton kyamara wasu sassan Plate suke so, da lambar Romawa, Plate I, Plate II. Duba ƙa'idar sashenku kafin a buga. Yawanci taken Table, wato jadawali, a sama yake, na Figure a ƙasa, amma tsarin rubutun bincike na APA bugu na 7 duka a sama yake sa su. Kuma in za ki turo hoton karofin ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil. In ba haka ba manhajar za ta matse shi, shuɗin baban ya fito dishi-dishi a takarda.