Shawarwarin masu garka ga ma'aikatar magajin garin Maradi

A zaman da masu noman rani suka yi a bakin Gulbin Maradi, maganar fili ce ta fi ɗaukar lokaci. Gari na faɗaɗa, ana yanka filaye ana gina gidaje, garake kuwa sai ja da baya suke yi. Dattawa suka ce kowace daga gundumomi uku na birnin ta ware fili, a bai wa ƙungiyoyi takarda a hannu, don aron baki ba ya hana kora. Mai zogale ya fi kowa jin wannan, tunda ba shukar wata uku ba ce.

Sai ruwa. Gulbi na ƙafewa da rani, man injin ban ruwa kuma na cinye riba, shi ya sa aka fi son rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Wani ya ce a leƙa Jiratawa, garin masu noman rani da ke kusa da Maradi, a ga yadda suke rabon ruwa.

Mata suka nemi a tace bolar unguwanni, a fidda leda, a kai musu taki. A ganina wannan ta fi sauƙi, amalanke kawai take buƙata. An taɓo rumfar sayar da salati da tumatir a kasuwa, amma magariba ta yi.