Sa hannun bogi da laburare ya karɓa: wa ya taɓa cin karo da shi?

Injiniya, Jekadafari

Assalamu alaikum. Masu rubuta manhaja a nan Gombe, musamman masu aikin biyan kuɗi da na shiga asusu, mu tara abin da kowa ya gani da idonsa kan laburaren tantance sa hannun dijital, wato kod ɗin wasu da muke ɗaukowa mu saka a manhajarmu don ya duba sahihancin sa hannu. Yawancinmu gwaji ɗaya muke yi: mu sa hannu, mu tantance, ya ce daidai, sai mu tashi. To ai mai gadin da ke buɗe wa kowa ƙofa shi ma zai buɗe wa maigida.

Ga nawa, daga Java ne. Sa hannun ECDSA, ɗaya daga tsare-tsaren sa hannun dijital, lambobi biyu ne, r da s, kuma ƙa'ida ta ce kowacce ta faɗa tsakanin 1 da n−1. Wannan n wata babbar lamba ce da tsarin ya ƙayyade. Da aka sake rubuta wannan sashe daga C++ zuwa Java a siga ta 15, sai aka manta da wannan dubawar. Idan r da s duk sifili ne, lissafin tantancewa yakan koma sifili daidai da sifili, sai ya karɓi kowane saƙo da kowane makulli. Ramin ya zauna daga 15 har 18. Neil Madden ne ya gano shi, Oracle ta fitar da faci a Afrilun 2022, lambarsa CVE-2022-21449. Gwajinsa minti biyu ne: ɗauki JWT (tikitin shaidar shiga mai sassa uku da ɗigo ke raba su) na ES256, wato mai sa hannun ECDSA, goge sa hannun da ke bayan ɗigo na biyu, cika da harafin A guda 86, wato baiti 64 na sifili. A kan 17.0.2 ya wuce sumul, a kan 17.0.3 aka kore shi.

'Yar Bolari

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ƙari a kan naka: a buga `java -version` a cikin kwantenar Docker ɗin, wato ƙunshin da manhajar ke gudana a ciki, ba a kan sabar ba. Na ga inda sabar ke da sabuwar siga, amma kwantenar na ɗauke da tsohuwar sigar Java tata tun ranar da aka gina ta. Facin bai taɓa isa gare ta ba.

Malamin kwamfuta, Tudun Wada

Wani lokaci laifin rabi na laburare ne, rabi namu. `EVP_VerifyFinal` na laburaren OpenSSL amsa uku yake bayarwa: 1 idan sa hannu daidai ne, 0 idan ba daidai ba, −1 idan an samu tangarɗa, misali sa hannun ya zo a gurguje. A yaren C duk abin da ba sifili ba gaskiya ne. Saboda haka wanda ya rubuta `if (EVP_VerifyFinal(...))` ya ce wa −1 maraba. Mai kai hari ba ya buƙatar ƙirƙirar sa hannu mai kyau, lalatacce kawai zai turo. Su kansu masu OpenSSL sun faɗa wannan ramin, sai a Janairun 2009 aka gyara a 0.9.8j. Ina yawan ganinsa a aikin ɗalibai, har da kod ɗin ƙananan na'urori. A rubuta `== 1`, shi ke nan.

Ɗan Pantami

Malam, Allah ya ƙara basira, amma mu 'yan Node ba mu taɓa C, wannan bai shafe mu ba ko?

Malamin kwamfuta, Tudun Wada

Ƙanena, naku na nan tafe. Buga `npm ls node-forge` ka ga abin da ya shigo maka ta bayan gida. Duk sigar laburaren node-forge da ba ta kai 1.3.0 ba tana da sakaci wajen tantance sa hannun RSA (wani tsarin sa hannu daban da ECDSA) na ƙa'idar PKCS#1 v1.5. Abin da ya kamata a samu bayan an buɗe sa hannun shi ne 00 01, jerin FF, 00, alamar nau'in hash (gajeriyar lambar da ake lissafowa daga saƙo don ta wakilce shi), sannan hash ɗin, kuma daga nan babu sauran komai. Laburaren da bai duba cewa babu saura ba ya bar wa mai hari fili ya zuba tarkace. Idan lambar e, wadda ke cikin makullin fili na RSA, 3 ce, sai ya jera gaban yadda ake so, ya nemi lambar da in an ninka ta da kanta sau uku za ta ba da wannan gaban, sauran baiti su zama duk abin da suka ga dama. Makullin sirri ko kusa da shi bai je ba. Daniel Bleichenbacher ya nuna wannan tun 2006, ramin ya sake ɓullowa a laburaren NSS na Mozilla a 2014, ga shi kuma a node-forge a 2022. Duba makullanka da `openssl x509 -text`, ka tabbata e ɗin 65537 ce.

Hajiya, Federal Low Cost

Ni abin da na fi tararwa idan aka kawo min manhaja in duba, JWT ne da aka bari ya zaɓi hanyar tantance kansa. An san na `alg`, gurbin da ke faɗin nau'in sa hannu, mai cewa `none`, wato babu sa hannu. Wanda ya fi shi wayo: sabar na jiran RS256 (sa hannun RSA), mai hari ya canza zuwa HS256 (HMAC, inda sirri ɗaya ke sa hannu yana kuma tantancewa), ya sa hannu da makullinka na fili, wanda kowa ke iya samu. Laburaren ya ɗauki makullin a matsayin sirrin HMAC, ya ce daidai. A laburaren jsonwebtoken na Node a rubuta `algorithms: ['RS256']` ƙarara. PyJWT na Python tun siga ta 2 ba ya ma yarda ka tsallake wannan.

Injiniya, Jekadafari

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Ga abin da nake sakawa a gwajin kowane aiki yanzu: sa hannu wayam, na sifili zalla, wanda aka juya masa baiti ɗaya, wanda aka yanke wa wutsiya, da sahihi amma na wani makulli. Dukkansu biyar dole a ƙi su. Mai son zurfafawa ya ɗauko tarin gwajin Wycheproof da Google ta fitar a 2016, r=0 da s=0 na ciki.

'Yar Bolari

Injiniya, a ƙara hattara ɗaya. A ECDSA, idan r da s sahihai ne, r da n−s ma sahihai ne, kuma wannan ba kuskuren laburare ba ne, haka lissafin yake. Wanda ke ajiye sa hannu a rumbun bayanai don hana maimaita ciniki, zai ga ciniki ɗaya ya shigo sau biyu da fuska biyu. Lambar cinikin ake ajiyewa.